Farantin Maƙwabciyarmu

Wata ranar Alhamis bayan la'asar aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ina falo ina shan shayi, uwargida tana kicin, sai ɗana mai shekara 9 ya ruga ya buɗe. Maƙwabciyarmu ce ta hawa na uku, wata nas 'yar ƙasar Filifin da ke aiki a wani asibiti nan Jidda. Faranti ne a hannunta an rufe da leda, shinkafa ce irin tasu mai danƙo wadda ake dafawa da madarar kwakwa da sukari. Cikin guntun Larabcinta take bayani cewa 'yarta ce ta gama jami'a a can gida, shi ne ta ce bari ta ɗanɗana wa maƙwabta farin cikinta. Yaron nan ya san Kirista ce. Ya dubi farantin, ya waiwayo ya dube ni, ya ce da Hausa, da ƙarfi kuwa, "Baba, ai mu ba ma cin abincin arna ko?"

Ba ta jin Hausa. Amma mutum ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane an ƙi shi. Na ga murmushinta ya rage. Na taso da sauri na karɓi farantin da hannu biyu, na yi ta godiya, na yi wa 'yarta fatan alheri, ta juya ta hau bene. Wallahi na daɗe ban ji kunya irin ta ranar ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba maganar kaɗai ba ce. Kwana goma kafin nan, wannan yaron dai ya dawo daga ƙwallo a lungunmu yana kuka, wai wani yaro ya ce masa "ya abd", wato kai bawa. Duk wanda ya raini ɗa baƙar fata a ƙasar nan ya san wannan ranar tana zuwa, kamar yadda muka san kalmar "takruni" idan an faɗe ta da wani irin lanƙwasa baki. An haramta bauta a Saudiyya tun 1962, amma kalmar ba ta bar bakin mutane ba. A ranar na zaunar da shi na ba shi labarin Sayyidina Bilal. Na gaya masa abin da Manzon Allah (SAW) ya bayyana a hajjin bankwana, cewa fifiko ba na Larabci ko launin fata ba ne, na taƙawa ne. Har labarin Nawal Hausawi na ba shi, 'yar Makka mai jinin Hausawa, wadda aka kira baiwa a wajen bikin ranar ƙasa a 2013, ta kai maganar gaban hukuma, da aka ba ta haƙuri kuma ta yafe. Na kwanta ina jin na yi aikin uba.

Ashe ba abin da na koyar ba ne ya shiga. Abin da yaron ya fahimta shi ne duniya tsani ce: akwai wanda ke samanka yana taka ka, saboda haka kai ma nemi wanda ke ƙasanka. Shi an ce masa bawa, to ga arniya ta kawo kanta har ƙofar gida. Mukan ɗauka wanda aka wulaƙanta zai fi kowa gudun wulaƙanta wani. Ba haka abin yake ba kullum. Sau da yawa ciwon gangarawa yake yi, kamar ruwan kwata, ya nemi wanda ya fi kwari.

Kuma mu faɗi gaskiya tsakaninmu, 'yan'uwa, mu ma da tsaninmu. Bahaushen da ke da takardar zama ɗan ƙasa yana kallon mai iƙama wani iri. Mai iƙama yana kallon wanda ba shi da ita wani iri. Dukkanmu kuma mun haɗu a kan mai sharar titi ɗan Bangaladash, wanda sunansa a bakinmu "Bangali" kawai, ko da kuwa sahu ɗaya muke tsayawa da shi a masallaci. Shi ma ba maganar addini ba ce ke nan. Amma idan addini ya bambanta sai mu ji kamar an ba mu lasisi.

Uwargida ta so ta kama kunnensa. Na ce ta bari, domin na san inda ya samo kalmar. A bakina ya ji ta. Duk lokacin da rikici ya tashi a Jos ko kudancin Kaduna, waya ba ta hutawa, saƙonnin murya na WhatsApp suna ta shigowa, mu kuwa muna falo muna cewa arna sun yi kaza, arna sun yi kaza. Yaro yana gefe yana wasa da mota, ka ɗauka ba ya ji. To yana ji. Bai taɓa zuwa Jos ba, bai san ko ina ne Zangon Kataf ba, amma ya gaji faɗan, ya kuma sauke shi a kan wata baiwar Allah da ta fito daga wani tsibiri, wadda ba ta ma san ana yi ba.

Da daddare na kira shi. Akwai wani hadisi a Musnad na Imam Ahmad da nake yawan tunawa idan zan yi wa yaro faɗa. Wani saurayi ya zo gaban Annabi (SAW) yana neman a yi masa izinin zina. Sahabbai suka yi ca a kansa. Annabi bai kore shi ba, sai ya matso da shi kusa, ya rinƙa tambayarsa ko zai so a yi wannan da mahaifiyarsa, da 'yarsa, da 'yar'uwarsa, da gwaggonsa, da innarsa. Kowace tambaya saurayin ya ce a'a, ana nuna masa cewa sauran mutane ma haka suke ji game da nasu. Ba a karanto masa ayar haddi ba, ko da yake akwai ta. An dai ɗauke shi daga inda yake tsaye an ajiye shi inda wani yake tsaye, aka ce duba daga nan.

Shi na gwada. Na ce, "Ranar da aka ce maka bawa, me ka ji?" Ya yi shiru. Na ce, "Idan Mama ta yi waina ta ba ka ka kai wa wani gida, suka buɗe ƙofa suka ce ba ma cin abincin takari, ya za ka yi?" Ya ce zai zubar musu a ƙofa. Na ce to ita ba ta zubar mana ba. Sai na tuna masa hadisi na 13 a cikin Arba'una ta Imam Nawawi, wanda ya haddace tun bara, hadisin Anas ɗan Malik da ke nuna imanin mutum ba ya cika sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa.

Ka san me ya ce? "Ai Baba ɗan'uwa aka ce. Ita ba 'yar'uwarmu ba ce."

Ban yi fushi ba, don tambaya ce ta gaske, kuma manya da yawa a nan suke fakewa. Sai da na koma na buɗe littafi. A ruwayar Muslim ta wannan hadisin, mai ruwaya ya yi kokwanto ko ɗan'uwa aka ce ko maƙwabci. A wani hadisin kuma na Abdullahi ɗan Amru, shi ma a Sahihu Muslim, an gaya wa mai son a nisanta shi daga wuta cewa ya yi wa mutane abin da yake so a yi masa. Kalmar da aka yi amfani da ita a nan mutane ce, ba a ware Musulmi ba. A sharhin Arba'una da ake jingina wa Nawawi ma an zaɓi a ɗauki 'yan'uwantakar a faɗinta, har ta haɗa da wanda ba Musulmi ba, ta yadda za ka so masa shiriya kamar yadda kake so wa kanka. Shi wannan Abdullahi ɗan Amru, idan an yanka akuya a gidansa, yakan tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, da mahaifiyarta ta zo mata Madina tana kan shirka, Annabi ya ce ta sada zumunci da ita. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba, ba su kore mu daga gidajenmu ba. Ita wannan nas ba ta kori kowa daga gidansa ba. Allura take yi wa tsofaffinmu.

Batun abincin kuwa, shinkafa ce da kwakwa. Ko da nama ne, aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta yi magana a kan abincin Ahlul Kitabi. Yaro yana da haƙƙin ya tambaya ko akwai alade ko giya a abu, kuma ina so ya riƙa tambaya, musamman idan wata rana karatu ya kai shi Ingila ko Amurka. Amma tambayar me ke cikin faranti daban, ƙyamar hannun da ya riƙo farantin daban.

Abin da ya ba ni mamaki da na ci gaba da karatu shi ne yawan wuraren da wannan ƙa'ida ta ɓullo. Turawa suna kiranta ƙa'idar zinariya. Tana cikin Linjilar Matiyu sura ta 7 aya ta 12, da Luka sura ta 6 aya ta 31, saboda haka maƙwabciyar tamu ma da ita aka raine ta. A wajen Yahudawa akwai labarin malaminsu Hillel, wanda ya rayu dab da zamanin Annabi Isa (AS). Wani ya zo ya ce a koya masa Attaura duka yana tsaye da ƙafa ɗaya, sai Hillel ya taƙaita masa ita a kan kada ya yi wa wani abin da shi yake ƙi, sauran duk sharhi ne, ya je ya karanta. A ƙasar Sin, kusan shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, almajirin Konfushiyas ya tambaye shi kalma ɗaya da mutum zai riƙe tsawon rayuwa, amsar da ya samu ita ce dai wannan. Tana cikin Mahabharata na Hindu. Kakanninmu ma ba su jira an fassaro musu ba, su da suka ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere.

Idan ka lura ba duka iri ɗaya aka faɗe ta ba. Wasu sun zo da ita ta fuskar hani: kada ka yi. Wasu ta fuskar umarni: ka yi. Hadisin Anas kuwa ya kai ta har cikin zuciya: ka so. Ni a ganina matakai ne, kuma haka yaro yake hawansu. Ɗan shekara 4 za ka iya koya masa kada ya ciji ƙanwarsa don shi ma ba ya son cizo. Wannan mai sauƙi ne, har mutum zai iya cika shi ta hanyar kulle ƙofarsa ya rabu da kowa, kamar yadda yawancinmu muke zaune a benayen Jidda, shekara biyar ba ka san sunan na kusa da kai ba. Mataki na biyu sai ka fito ka ƙwanƙwasa ƙofar wani, kamar yadda ita ta yi. Na uku shi ne mai wuya, a ce 'yar wata ta gama jami'a, naka ɗan yana zaune babu gurbin karatu saboda matsalar takardu, ka ji daɗi har cikin ranka. Wannan ko ni uban ban gama hawansa ba.

Na san abin da wasu za su ce, don wani abokina ya riga ya faɗa mini a gaban baƙala bayan isha'i. Ya ce, "Malam, ka yi hattara. Yau ka ce wa yaro Kirista da Bayahude da Bahinde duk suna faɗin abin da Annabi ya faɗa, gobe ya ce maka addinai duk ɗaya ne." Ban raina tsoronsa ba. Duk mai rainon 'ya'ya a ƙasar wasu yana da shi, har mu da muke tafiyar awa ɗaya daga Ka'aba. Amma ni Musulmi ne, na yarda Musulunci shi ne gaskiya, kuma haka nake koya wa 'ya'yana ba tare da kwana-kwana ba. Ita ma maƙwabciyar ba ta ce addininmu ɗaya da nata ba. Mun saɓa a kan Allah, a kan Annabi Isa, a kan abin da zai tsirar da mutum gobe ƙiyama, kuma wannan ba ƙaramin saɓani ba ne. Haɗuwarmu a kan wannan ƙa'ida ɗaya ba ta share shi ba. Abin da ta nuna mini shi ne Allah ya dasa wani abu a cikin ɗan Adam, wanda malamai ke kira fiɗira, shi ya sa mutumin Sin da bai taɓa jin sunan Makka ba ya gano ta. Yaron da imaninsa zai rushe don ya ji cewa Kirista ma ta san alheri, to dama a kan raina mutane aka gina masa shi, kuma irin wannan ginin ranar da ya haɗu da Kirista mai kirki fiye da kawunsa zai faɗi.

Su yaranmu na nan ma suna da wata tambaya da na gida ba su da ita. Duk lokacin da muka kama hanyar Makka sukan ga allon nan kafin Shumaisi da ke nuna wa waɗanda ba Musulmi ba hanyar da za su ratse. Ɗana ya taɓa tambayata ko don suna da datti ne. Na ce masa wannan hukuncin Harami ne, na wuri ne mai alfarma, bai ba shi izinin ya kafa irin wannan allon a ƙofar gidanmu ba. A ƙidayar 2022, cikin mutum miliyan 32 da ke ƙasar nan sama da miliyan 13 baƙi ne, kuma a cikinsu akwai Kiristoci da Hindu da mabiya Buddha masu ɗimbin yawa. Su ne a asibiti, su ne a kantin magani, su ne ke gyara mana na'urar sanyaya ɗaki a tsakiyar watan Agusta. Garin da muke ciki ma, mutane suna danganta sunansa da kaka, saboda maƙabartar da ake cewa ta Nana Hauwa'u ce kusa da Balad. Ko kabarin nata ne ko ba nata ba, Allah masani, amma dai ba kakar Musulmi kaɗai ba ce.

Ƙa'idar tana da raunin ta, kada in yi kamar babu. Marubucin nan ɗan Ayalan, George Bernard Shaw, ya yi mata ba'a a 1903, yana nuna cewa abin da kake so ba lallai shi wani yake so ba. Kant na Jamus kuma tun 1785 ya lura cewa mai laifi zai iya juya ta a kan alƙalin da zai hukunta shi. Wannan na biyun ban buƙaci Kant ba, a gidana aka yi mini. Sati bai cika ba na karɓe wayar hannun yaron don ya ƙi yin aikin makaranta, sai ya ce, "Baba, kai za ka so a ƙwace maka waya?" Na kusa yin dariya. Na ce masa a'a, ba zan so ba a yau, amma da ni ne ɗan shekara 9, zan so in samu uban da zai ƙwace, kuma idan na girma zan gode masa. Bai gamsu ba. Amma a nan na gane cewa ƙa'idar ba ta aiki sai da hankali da sanin halin wanda ke gabanka. Ba cewa take ka ba mutum abin da bakinka yake so ba. Cewa take yadda kake so a kula da halinka, kai ma kula da nasa.

Mu kuwa baƙi, mu ne ya kamata mu fi kowa riƙe ta, don kullum ita muke roƙo. Idan ka tsaya gaban ma'aikacin jawazat, me kake fata in ba ya ɗauke ka mutum ba? Idan 'yar'uwarmu tana aikin shaggala a gidan wasu, ta baro 'ya'yanta a Kano ko Maraɗi wajen kaka, me muke roƙa mata in ba uwar ɗakin da za ta tuna ita ma uwa ce ba? To ita ma nas ɗin nan haka ta baro tata 'yar, ta waya ta ga bikin kammala karatun. Lokacin da aka rushe Karantina da Gulail da Petromin da Sabil daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, iyalai nawa namu suka yi ta yawo da katifu suna neman mai gidan hayar da ba zai dubi fatarsu ya ce babu ɗaki ba? Ba ma jin nauyin neman a yi mana. Wajen biya ne muke fara tambayar addinin mutum.

Akwai dattijon da nake so yarana su san sunansa fiye da sunayen 'yan ƙwallon Ittihad. Malam Abubakar Abdullahi, wanda ya yi limancin ƙauyen Nghar Yelwa a ƙaramar hukumar Barkin Ladi ta jihar Filato. Ranar 23 ga Yuni 2018, da mahara suka afka wa ƙauyukan yankin, mutane sama da 200, yawancinsu Kiristoci, suka gudo wajensa. Ya ɓoye wasu a gidansa, wasu a masallaci. Maharan suka ce ya fito da su, ya ƙi, yana tsoho mai shekara sama da 80. Daga baya, da ake tambayarsa dalili, ya ambaci cewa shekaru da dama da suka wuce Kiristocin wurin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019, amma ba ita ce ta dame ni ba. Abin da nake tunani shi ne waɗanda suka ba da filin nan ba su san ginin da za a yi a kai ne zai ɓoye 'ya'yansu ba. Labarin Filato ɗin da ya kamata ɗana ya ji a falonmu ke nan, ni kuwa wani daban na yi ta kunna masa.

Farantin ya kwana uku a kicin. A al'adarmu ba a mayar da kwanon maƙwabci haka nan, sai da wani abu a ciki. Na ce wa yaron shi zai kai, kuma shi zai zaɓi abin da za a saka. Ba tare da ɓata lokaci ba ya ce kilishin da kawunsa ya aiko daga Kano, wanda ya fi so a duniya, har ɓoye shi yake yi wa ƙannensa. Na ji daɗin zaɓin, don na san abin da ya ci masa. Sai uwargida ta ce, "Kai, wannan matar ko barkono kaɗan ba ta iya ci, na taɓa ba ta miya ta yi ta tari." Yaron ya tsaya yana tunani. Ya ce to a yi mata waina da zuma, amma a saka kilishin kaɗan a gefe ko za ta gwada.

Na tsaya a ƙasan bene ina jinsu. Ya yi sallama, ya ce mata "mabruk" saboda 'yarta, kamar yadda muka shirya. Haƙurin da na ce ya bayar kuwa ban ji ya fito ba, ya dai miƙa farantin ya tsaya yana kallon ƙasa. Ta shiga ciki ta ɗauko waya ta nuna masa hoton yarinyar da hular kammala karatu. Da ya sauko na tambaye shi me ya hana shi ba ta haƙuri. Ya ce, "Baba, ai ba ta ji abin da na ce ba. In na ba ta haƙuri sai na gaya mata, kuma in ni ne ba zan so in sani ba."

Har yanzu ban yanke ko dabara ce ya yi mini ko gaskiya ya faɗa ba. Washegari dai ta tare uwargida a bakin lif tana fifita bakinta da hannu, tana tambaya ko akwai sauran naman nan mai wuta.